Ranar da Aka Cika Kejin Ofelia da Rumman

Ƙarfe shida da rabi Ofelia Quintero ke buɗe ƙofar baya ta gidan da hukumar garinmu ke ajiye dabbobin da aka yasar. Ba ta bi ta ɓangaren karnuka, inda ake da sabon fenti da hotunan masu ba da gudummawa. Ɗakinta na can bayan injin wanki. Da ta motsa leda sai ɓerayen Masar talatin da takwas su ɗauki tsuwa gaba ɗaya, ita kuma ta ce, "Na ji, 'yan cin banza, na ji. Wa ya taɓa mutuwa da yunwa a nan?"

Kafin ta ba kowa komai sai ta bi keji keji tana duba kashinsu. Sannan ingirici, sannan ruwa, sannan koren tattasai a yanke siri-siri. Ranar Litinin takan ɗora kowanne a kan sikelin kicin. Ɓeran Masar gwanin ɓoye ciwo ne, sikeli ke tona masa asiri.

Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan aiki. Juma'ar ƙarshe ta watan Nuwamba za ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun ƙi. Kwamitin gidan ya yanke cewa in ba a samu mutum biyu da za su koyi aikin safiya kafin wannan rana ba, a rufe ɗakin. Ba su faɗi inda talatin da takwas ɗin za su je ba. Ni likitar dabbobi ce, na san inda ake kai dabbar da ba ta da ɗaki.

Ba daga sama suka faɗo ba, mu muka kawo su. Mu saya wa yara lokacin Kirsimeti, kafin Ista an gaji da shara, sai a kawo su cikin kwalin takalmi. Malamai su kawo na ajinsu in an yi hutun bazara. An taɓa ajiye mata bakwai a bakin ƙofa cikin bokitin fenti, rana na dukansu. Ba ta yi wa kowa wa'azi. Takan karɓa ta tambaya, "Me yake ci a gida?" Amsar ce ke gaya mata aikin da ke gabanta.

Bari in faɗi abin da ya faru bara, tunda har yau ana faɗinsa a karkace.

A watan Oktoba rumman kan yi mana yawa a kwarin nan. Kowane bayan gida da bishiyarsa, 'ya'yan na tsagewa a kan reshe, ana rataya wa maƙwabta a leda ko ba su tambaya ba. A wurinmu Armeniyawa abin ya wuce haka. Rumman albarka ne, wanda ya mayar maka da shi ya ci mutuncinka. Goggona Araxie na da bishiya goma sha ɗaya da zuciyar da ba ta iya ganin abu ya lalace. Ta kira ni ina tsakiyar aiki.

"Ke da kika yi shekara shida a Scotland, ɓerayen nan na cin rumman?"

Na ce, "Ba guba ba ne, Goggo. Har bitamin C gare shi, suna bukata."

Gaskiya na faɗa, rabinta. Ban ce nawa ba.

Ranar Asabar ta sauke kwando goma sha biyu. Ofelia ba ta zuwa Asabar da Lahadi. Shugaban gidan, Mista Hostetter, ya ji daɗi, ya sa masu aikin sa kai suka tsaga rumman biyu-biyu suka jefa a kowane keji, da ɓawo da komai. Aka ɗauki hoton bakunansu jajir aka watsa a intanet, mutane suka yi ta cewa abin sha'awa. Lahadi aka ƙara.

Litinin da safe Ofelia ta motsa leda, rabin ɗakin shiru. Ingirici na nan yadda ta bar shi. Zawo a keji goma sha huɗu. Waɗansu leɓensu ya yi ja saboda tsami. Wata tsohuwar ɓera mai suna Canela na zaune a lungu, miyau na bin haɓarta, ta ƙi ko da tattasai.

Goggo da Mista Hostetter suka shigo da sabon kwando ana wannan hali. Matar da ke wanki ta ce har waje ana jin muryar Ofelia.

"Wa ya ba ku izini? Ɗakin nan juji ne?"

"Ofelia, sassauta murya," inji Mista Hostetter. "Kyauta ce aka kawo. Kuma an tambayi likita."

"Wace likitar? Ku kira ta ta zo ta kwashe zawon!"

Goggo ta dafe ƙirji. "'Yar'uwa, albarka na kawo muku. A gidanmu ba a mayar da rumman."

"To ki kai gidanku a sha albarkar. Waɗannan cikinsu bai kai babban yatsanki ba, kuma ba su iya amai. Abin da ya shiga ya shiga."

Aka kira ni. Ofelia ba ta gaishe ni ba. Ta miƙo mini Canela a naɗe cikin tawul ta ce, "Can ciki, hagu, wajen haƙoran tauna. Ƙwaya ce ta maƙale." Na haska, ƙwayar na nan daidai inda ta ce. Ina cirewa ta ce, "Dakta, gishiri ma ba guba ba ne. A zuba miki kwano guda mu gani."

Kwana tara tana dama abinci tana ɗura musu da sirinji, ɗaya bayan ɗaya, har da ranakun hutunta. Wani tsohon ɓera mai suna Obispo ya mutu ranar Laraba, hanjinsa ya tsaya. Sauran duka suka tashi, har da Canela.

Kun san abin da aka ba Ofelia? Takardar gargaɗi, wai ta ɗaga wa mai ba da gudummawa murya. Takardar na nan cikin fayil ɗinta. Wanda ya ce a zuba rumman ba a rubuta masa komai ba, ni da na ba da rabin amsa ba a rubuta mini komai ba. Makon jiya ana shirin liyafar sallamarta na ji Mista Hostetter na dariya yana cewa, "Za dai mu huta da faɗa." Mutumin da bai san sunan ɓera ɗaya a ɗakin ba.

Ofelia, ke ce kika san su da suna. Ke ce kike gane wanda ya rame da hannu kafin sikeli ya faɗa. Na karanta littattafai masu nauyi a ƙasar da rumman ba ya fitowa, na dawo, sai ga shi a gabanki na koyi tambayar da ta fi: nawa, kuma ga wa? Faɗanki na ranar nan shi ne abu mafi daidai da aka yi a gidan duk shekarar. Uwar ɗakin baya, an rubuta miki gargaɗi, ni kuma ga tawa takardar, a gaban jama'a.

Bayan abin Ofelia ta manna doka a jikin ƙofa da rubutun hannunta, kuma ita nake ba duk mai tambayata yanzu. Ingirici da farko, kullum. Rumman 'ya'ya biyu ko uku, sau ɗaya a mako, ban da ɓawo, kuma ka tsaya ka ga ya tauna. Tsoho ko mai ciwon haƙori ko mai lalataccen ciki, kada a ba shi ko ɗaya. Wanda bai taɓa ci ba, fara da guda ka duba kashinsa gobe.

A ƙarƙashin dokar aka liƙa takardar kwamiti mai layi biyu, na sunayen mutum biyun da ake nema. Na ɗauki nauyin duba haƙoransu duk Alhamis, kwamiti ya ce wannan daban, masu shara da awo suke nema. Layin farko ya cika tun watan jiya. Goggo Araxie ce, mai shekara saba'in da ɗaya. Kusan shekara ta yi ba ta yi wa Ofelia magana, sannan wata safiya ta zo da tsintsiyarta ta gida, ta ce tsintsiyar hukuma ba ta shara.

Talatar da ta wuce na same su. Goggo ta fito da rumman guda daga jaka, tana ɓarewa tana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ɗaya, biyu, uku. Kin gani ko, sarkin rowa?"

"Na ga huɗu a hannunki, Araxie."

"Na huɗun nawa ne!"

"Kuma ban da Canela."

"Na sani, na sani. Ni ce na kusa kashe ta, sai na manta?"

Suka gama rabo, suka zauna a kan buhun ingirici suka cinye sauran su biyu. Rumman bai koma gida ba, ba a ci mutuncin kowa ba.

Mun gode, Ofelia. Na san za ki ce godiya ba ta share keji, kuma gaskiyarki. Saboda haka sauran maganar taku ce, ku da kuka danna wa hoton jajayen bakunan nan alamar so, ku da kuka taɓa ajiye kwalin takalmi a bakin ƙofa kuka ja mota. Saura mako uku ta koyar da wanda ya zo. Za ta yi muku faɗa, ku jure. Ƙofar baya ce, bayan injin wanki, ƙarfe shida da rabi. Layi na biyu ba kowa, kuma biro na rataye a jikin ƙofar da zare.