Hannun Yaya Habu

Ranar wata Laraba ce, mako guda bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Baba ya fito daga maƙera da sabuwar bindiga a kafaɗa, mu yaran unguwa muna biye da shi har gindin tsamiyar da ke bayan gari. Ya ɗaure bindigar tamau a jikin itacen, bakinta yana kallon daji, ya ƙulla doguwar igiyar rama a kunamarta, sannan ya kora mu bayan wata tsohuwar katanga. Shi ma can ya zo ya tsuguna tare da mu, babba da shi, da gemunsa da komai. Ya yi bisimilla ya ja igiyar. Ƙarar ta tayar da balbelu daga fadama, hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika mana hanci, muka ɗau ihu da tsalle. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, wato yayana Habu, wanda gashin baki ya fara tsiro masa a lokacin. Ya ce ƙasa-ƙasa, "A ce maƙeri guda yana ɓuya wa aikin hannunsa." Baba ya ji sarai, bai ko juyo ba ya ce, "Bindiga ba ta san wanda ya ƙera ta ba, Habu."

Gidanmu gidan ƙira ne kaka da kakanni. Baba yana yin fartanya da lauje da gatari, amma abin da ya kai sunansa ƙauyukan nesa shi ne bindigar toka, wadda maharba ke wa laƙabi da harba-ka-ruga, don in ka harba sau ɗaya ka kuskure, ƙafarka ce kawai ta rage maka. Dokarsa ɗaya ce: ba bindigar da za ta taɓa kafaɗar ɗan Adam sai ta fara yin magana a jikin tsamiya. Yaya Habu ya taso a gaban zugazugi, kuma kowa ya yarda hannunsa zai wuce na Baba. Shi ke fafe ƙotar bindiga ya goge ta har ta yi santsi, in ya sami sarari kuma ya sassaƙa mini ɗan turmi da taɓarya na wasa, ina yi wa ƙawayena yanga da su. Inna kan kalli yatsunsa ta ce, "Wannan hannun ne zai riƙe gidan nan."

Ni mace ce, ba ni da wuri a maƙera. Nawa shi ne ɗebo ruwa a rijiya kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, da korar tsuntsaye a gonar gero da gwangwani mai tsakuwa, da 'yar carafke a ƙofar gida in an tashi lafiya. Amma ina da aiki ɗaya da ya shafi bindiga, kuma ina ji da shi ba kaɗan ba. Baba yana da tasa ta kansa, rataye a ƙarƙashin azarar ɗakinsa. Zanzaro kuwa ba abin da yake so irin bakin bindiga; da ya sami ramin sai ya shiga kai laka yana gini, kuma in aka harba ta a toshe, mai ita take ci. Saboda haka kowace Juma'a nakan yage tsohon zanen Inna, in murɗa tsumma, Baba ya ɗaga ni in cire tsohon in cusa sabo. Yakan ce, "Asabe, ke ce sarkin yaƙin gidan nan." Sai in yini ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da kaka ta kama a wannan shekarar, labari ya bazu cewa ɓarayin shanu sun kwashe garke a wani ƙauye da ke arewa da mu. Gari ya shiga shirin ko-ta-kwana, Baba ne kan gaba. Aka rataye ƙaho a zauren mai unguwa. Kowane gida ya tanadi gora cike da ruwa da jakar gumba da ƙuli-ƙuli a bayan ƙofa, aka nuna wa mata hanyar da za su bi da yara zuwa kan dutse in an busa ƙahon. Mu dai wasa muka mai da abin; a filin makaranta wani ya busa karan dawa, mu watse da gudu muna dariya, har malami ya fito da bulala. Kowane magidanci yana son bindiga, kuma yau yake so. Aiki ya yi wa Baba yawa, shi ya sa ya bar Yaya Habu ya ƙera ɗaya shi kaɗai, tun daga farko har ƙarshe.

Ya gama ta ranar kasuwa, Baba ya tafi sayen ƙarfe. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ya ɗauki igiyar, wallahi ya ɗauke ta, har gindin tsamiya ya kai ta. Abokansa ne suka sa shi gaba da tsiya: ashe shi ma ɓuya zai yi kamar tsohonsa, ashe bai yarda da hannunsa ba. Ya yar da igiyar ya ɗora bindigar a kafaɗa. Ni da Inna muna daka a tsakar gida. Mu 'ya'yan maƙera mun san muryar bindiga mai lafiya, wannan kuwa ba ita ba ce, wata ƙara ce a fashe, kamar tulu ya faɗo daga kai. Inna ta saki taɓarya tun kafin kowa ya shigo ya faɗa mata. A amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan mota ta wuce da shi asibitin birni. Ya dawo bayan an gama girbi, hannun rigarsa na dama a naɗe da allura, ba hannu a ciki.

Ɓarayin ba su zo ba a wannan shekarar, ba su zo ba a ta gaba. Ruwan gora ya yi gansakuka, muka cinye ƙuli-ƙulin a ɓoye. Baba bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya, kuma bai sake ƙera bindiga ba har ya koma ga Allah. Da safe shi ke ɗaure masa mazagin wando, su biyun kowa yana kallon wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cin abinci. Yaya Habu ya daina zama a kwano ɗaya da maza a zaure, don kunyar sa hannun hagu a tuwon jama'a. Ni ke kai masa nasa ɗaki, in tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar kwano yana zame masa, ina kuka ba sauti don kada ya ji. Bindigar Baba ce kawai ta rage a gidan. Da na tafi makarantar kwana, Yaya Habu ya karɓi aikin tsumman, da haƙori yake yage zanen.

Yau ina aikin jinya a London, inda ko 'yan sanda yawancinsu ba sa riƙe bindiga. Shirin ko-ta-kwanana bai wuce tocila a cikin durowa da na'urar hayaƙin da ƙaramar hukuma ta maƙala a rufin gidanmu ba, wadda ke ihu duk ranar da na soya albasa. Ɗana yakan roƙe ni labarin kakansa mai ƙera bindiga, ya saurara da Hausa ya yi tambaya da Turanci. Duk kiran da na yi gida sai na tsokani Yaya Habu in ce, "Yaya, an dai canza tsumma?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, sarkin yaƙi, an canza."

Bara ina cikin bas a Old Kent Road, na taso daga aiki da safe, kiransa ya shigo. Muryarsa ta dishe. Ya ce ɓarayin sun zo, da rana tsaka, a kan babura, da irin bindigogin da ba a tsayawa a yi musu ɗuri. Ba wanda ya sami zarafin busa ƙaho. Shi da Inna suna birni a gidan wani ɗan'uwa, sun tsira da rigar jikinsu, ta tsohuwar hanyar dutse suka bi. Na yi hamdala, sai bakina ya suɓuce na ce, "Bindigar Baba fa?" Ya ce, "Na kai hannu zan sauko da ita, Asabe, sai na ji Inna tana laluben ƙofa, kin san idonta. Hannu ɗaya gare ni. Ita na riƙe."

Na wuce inda zan sauka ban sani ba. A da muna da bindiga da ƙaho da gora, muna gudu zuwa dutse muna dariya; yanzu gidan yana can ba kowa, kuma na san tsumman zanen Inna ya ruɓe a bakin bindigar, zanzaro ya gama gininsa. Ina kewar wannan gida har cikin ƙashina. Amma Inna ba ta yi kuskure ba, hannun Yaya Habu ne ya riƙe gidan.