Ranar da Baba ya rufe rijiyarsa

"Kurɓa ka ji, ruwan nan garau yake," in ji Baba, ya miƙo mini guga.

Jiya na bi ta garinmu Mawashi na ga tsohuwar rijiyarmu, sai ranar ta faɗo mini. Zamanin da takin zamani ya wadata ne, an jibge buhuna kusa da ita, jariran unguwa kuma suna ta ciwo. A lokacin ina aikin gwaje-gwaje a jami'a, sai na zo da 'yar na'ura mai ƙwayar lantarki a baki, wadda ke gane abin da ya narke cikin ruwa.

Na tsoma ta, lamba ta haura. Taki ya tsiyaya ciki, harshe kuwa ba ya jin sa. Na gaya wa Baba a gaban mutane.

Baba ya gina rijiyar, da ita ake kwatancen gidanmu. Jama'a suka zuba masa ido.

"Ka tabbata, Sule?"

"Sau uku na gwada, Baba."

"To, ku kawo itace a rufe ta. Ba ni shayar da ɗiyan mutane cuta don a yabe ni."

Shi ya ɗora itacen farko. Kafin damina ya gina wata can nesa, yaran suka warware.

Har yau ina alfahari da tsohon nan. Ku fa, me mahaifinku ya taɓa yi da ya sa kuka ji haka?