Ƙafar Guduma

Guduma muke ce masa, saboda hannunsa. Shekara goma sha ɗaya muna sauke buhunan siminti a sito ɗaya. Ya taɓa fasa wa wani direba baki don ya kira mu jakuna. Ni ma ya taɓa cire mini haƙori a kan wurin zama a inuwa, tun daga nan na zama Giɓi. Washegari shi ya ɗauke rabon buhunana. Haka yake ba da haƙuri.

Mu 'yan dako maganinmu ɗaya ne. In jijiya ta ɗaure, ka kwanta rub da ciki a kan kwali, abokinka ya hau ya tattake ka da dugadugai. Taku muke ce masa, kuma ba wanda ya kai ni iyawa.

Ƙofar bayan tirela ce ta ɓalle ta make shi a ƙugu. Sati uku yana kwance a gida. Ya dawo yana ɗingishi, ƙafar hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, tana sheƙi, ga zafi rau. Mai sito ya ce in bai ɗauki kaya ranar ba, wani zai maye gurbinsa. 'Ya'yansa huɗu.

"Giɓi, zo ka taka ni," in ji shi.

"Wannan ba ta taku ba ce. Tafi asibiti."

Ya shaƙo wuyan rigata har na ga duhu. "Asibitin ne zai ciyar mini da yara? Hau, ko in ƙara maka wani giɓin."

Na hau. Na danna dunduniya a sharaɓarsa, na murza da dukan nauyina. Yana zagina, yana cewa in ƙara.

Ya tashi ya kai buhu biyu. A na uku ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, baki buɗe, yana jan iska ba ta shiga. Buhun ya faɗi ya fashe, shi ma ya bi shi. Ya dinga shure-shure cikin ƙurar, ya yi tari, jini ya fallatsa a kan simintin. Mu huɗu muka danne shi muka jefa a bayan mota. Ya yage mini hannu da farce. Kafin mu kai asibiti ya saki, rai ya yi halinsa.

Likitar ta ce doguwar kwanciya ce ta sa jini ya daskare a jijiyar ƙafarsa. Gudan ya ɓalle, ya bi jini har huhu, ya toshe hanya.

"Akwai wanda ya matsa ƙafar?" ta tambaya.

Matarsa da yayansa suna tsaye. Na ce, "Ni ne."

Yayan ya haɗa kaina da bango, ya rufe ni da duka. Ban ɗaga hannu ba. Matar ce ta shiga tsakani, ta riƙe masa riga.

"Bar shi, Yaya," ta ce. "Ni ma kwana uku ina gasa masa ita da ruwan zafi, ina murzawa."