Rahoton da Babu Ƙarya a Cikinsa

Akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, mako biyu bayan ƙaramar sallah, 'yan shekaru kafin yaƙin Yukren ya ɓarke. Tunda yanzu ku ne za ku riƙa duba azuzuwan mutane da takarda da biro kuna auna su, gara ku ji labarin daga bakina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, bari in yi musu bayani. Wannan cibiya tamu ta Sama Road a wancan lokaci aikinta ɗaya ne: shirya yaran da iyayensu za su tura karatu waje. Mai zuwa Sudan ko Masar a goge masa Larabci, mai zuwa Indiya a gyara masa Turanci. Ni na yi shekara talatin da biyar ina koyar da nahawu a sakandaren gwamnati, na yi ritaya a mataki na goma sha huɗu, sai Hajiya mai cibiyar ta ɗauko ni ta ba ni Shugaban Sashen Harsuna. Ita tana Abuja, sau ɗaya take leƙo mu a wata. Abin da muka rubuta mata shi ne idonta.

A shekarar ne mutanen Sakkwato suka yi ca a kan Yukren, kowa ɗansa likita zai zama. Hajiya ta ce a nemo mai koyar da harshen. Ana cikin nema sai ga Ɗanladi mahauci, maƙwabcina a Mabera, ya zo zaurena yana roƙo in sa baki a ɗauki ɗansa Bashiru. Yaron ya yi shekara shida can yana karatun likitan dabbobi, ya dawo, ya yi shekara guda yana yawo da takardu ofis-ofis babu labari. Na san Bashiru tun yana ɗan shekara tara. A wannan zauren nawa ya koyi nahawu, baki da baki, har ya gama sakandare. Ni da kaina na kama hannunsa na kai shi gaban Hajiya, na ce na tsaya masa. Ku riƙe wannan, ni na kawo shi.

Aka ɗauke shi gwajin wata uku, kamar yadda ake yi wa kowane sabon malami. Ya fara da ɗalibai goma sha ɗaya. Kafin wata ya ƙare sun haura talatin. Nawa ajin na Larabci kuwa daga goma sha biyu ya koma tara, don uku iyayensu sun sake shawara sun mayar da su wajen Bashiru. Sai magatakarda ya zo yana sosa ƙeya, wai ko zan yi haƙuri in bar babban ɗaki mai fanka huɗu, tunda ajin Dakta ya fi yawa. Dakta! Aka mayar da ni ƙaramin ɗakin da ke jikin janareta, inda sai na yi ihu ake ji na. Iyaye su shigo, su gaishe ni a tsaitsaye, su tambaye ni ina ofishin Dakta. Yaron da na koya wa riƙon alƙalami.

Wata rana na kasa daurewa, na laɓe a taga ta baranda don in ji wane siddabaru yake yi musu. Na tarar ya riga ya wuce haruffa, talatin da uku ne, har da masu kama da na boko amma a karanta su daban. Yana gaya musu cewa suna a harshen nan jinsi uku ne: namiji, mace, da wani na uku wanda ba namiji ba mace. Yara suka fashe da dariya, ya bar su suka gama. Sannan ya zana gidaje bakwai a allo, ya rubuta kalmar mama a na farko. Ya ce su tuna yadda ƙarshen kalma ke sauyawa a Larabci gwargwadon aikinta a jimla, to a can Larabci hali uku ne, nan bakwai. Ya fara ɗanɗana musu biyar a taƙaice kafin su bi su ɗaya bayan ɗaya: idan ita ce ta yi aikin, mama. Idan ita aka gani, mamu. Idan ita aka ba wa abu, mami. Idan tare da ita aka tafi, mamoyu. Idan kiran ta za ka yi, mamo. Yana faɗa yana buga tebur da yatsa, aji na amsawa, kuma duk wanda ya kuskure sai ya sa na kusa da shi ya gyara masa, ba shi ba.

Nan take na gane abina. Bugun teburin nan nawa ne. Sa ɗalibi ya gyara wa ɗan'uwansa nawa ne. Gidajen da ya zana, haka nake zana uku a zaurena. Ya kwashe kayana kaf ya tafi da su ƙasar Turawa, ya dawo da su sun fi kyau. Kuma wallahi, tunda gaskiya na zo faɗa, ya fi ni iyawa. Ni ban taɓa sa aji ya yi dariya ba, tsorona ake ji.

Da na koma gida na ba uwargida labari, ina jiran ta taya ni jin haushi. Sai ta ce ai wannan abin godiya ne, shuka ta yi kyau manomi ake yaba wa. Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Tuwon ranar ko rabi ban ci ba. Kishi ne, ba wani abu ba, kishi irin wanda ke hana mutum jin daɗin shayi da safe. Na san sunansa tun a lokacin, amma na riƙa ce wa kaina wai ina kare martabar ilimi ne.

Ga yadda ƙa'idar take. Idan wata uku sun cika, Shugaban Sashe zai duba darasi ɗaya, ya cike fom mai layi biyar: murya, fuskantar ɗalibai, amfani da allo, amsa tambaya, da kammala darasi. Ya sa hannu, a aika wa Hajiya, ita ta tabbatar da malami ko ta sallame shi. Fom ɗin bai ce ga inda mai dubawa zai tsaya ba. Duk malaman da na duba kafin nan, daga tagar baranda na saurare su, don kada in tsorata su. Hajiya ta kira ni a waya ta ce akwai wani kamfani da ke son sayar mata da darussa na bidiyo, sun fi sauƙi, amma idan na ce yaron nan ya iya, shi za ta riƙe. Wato aikin Bashiru yana bakin alƙalamina.

To akwai abin da na sani wanda Hajiya ba ta lura da shi ba. Bashiru tarbiyyar zaure gare shi. Bai taɓa kiran sunana ba. In na shigo ɗakin malamai sai ya sauka daga kujera. In mun haɗu a baranda sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, da kwat ɗinsa da komai. Akwai ranar da na shiga ajinsa aron alli, yana tsakiyar jimla ya yi tsit, kansa a ƙasa, har na fita. Ku da kuka tashi a garin nan kun sani: ɗalibi ba ya ba da karatu malaminsa na zaune, ba ya tsayawa a kansa, ba ya juya masa baya. Duk wannan na sani sarai, na kuma kwana biyu ina juya shi a raina.

Ranar Laraba, ƙarfe goma, na zo baranda. Ina jin muryarsa tun daga matakala, sun kai gida na biyar. Na tsaya a tagar kamar minti ɗaya. Da na tsaya nan, da ba ni da labarin da zan ba ku yau. Sai na tura ƙofa na yi sallama.

Ya saki alli, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya jawo kujerarsa ta malami ya goge ta da hannun rigarsa. Akwai benci babu kowa a bayan aji, ina ganin sa. Na zauna a kujerar, a gaba, dab da allo, na ɗora fom a cinya.

"Ci gaba, Dakta," na ce. "Yi kamar ba ni nan."

Ina zai iya? Idan ya fuskanci allo ya ba ni baya. Idan ya miƙe sosai ya tsaya a kaina. Sai ya rankwafa, ya karkace, yana rubutu da gefen jiki a can ƙasan allo inda na baya ba sa gani. Murya ta koma ciki kamar mai karanta addu'a. Gumi ya jiƙa masa kwala. Wata yarinya mai kaifin kai, Rukayya, ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko wannan gida na biyar yana da ɗan'uwa a Larabci. Amsar tana bakinsa, na san tana nan, ni na zuba ta. Amma tambayar nahawu ce, ga mai nahawu a zaune. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce Malam ya fi shi sani. Ni kuwa na ce ba darasina ba ne.

"Ɗaga murya, Dakta, na baya ba su ji," na ƙara masa.

Aka buga ƙararrawa bai kai rabin darasi ba. Yara suka fita shiru, ba wanda ya dube ni.

Na koma ɗakin janareta na cike fom. Murya: ba ta kai bayan aji. Fuskantar ɗalibai: kansa a ƙasa. Allo: rubutu a ƙasa, a karkace. Amsa tambaya: an yi masa ɗaya, bai amsa ba. Kammala darasi: bai kammala ba. Ku duba fayil, yana nan. Ko a gaban alƙali zan dafa Alƙur'ani in rantse babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sa hannu, har wani daɗi na ji, irin na mai susar ƙurji.

Bayan kwana uku Hajiya ta kira. Ta ce ta yi mamaki, don ta ji iyaye na yabon sa, amma idan malaminsa da ya rene shi, wanda ya kawo shi da hannunsa, ya rubuta haka, wa zai musa? Ta ma yaba mini da ban yi son kai ba. Na ce aiki aiki ne, Hajiya. Aka ba Bashiru takardar sallama ranar Litinin.

Na koma babban ɗaki mai fanka huɗu. Aka kawo talabijin, aka ce in riƙa kunna wa yaran bidiyon ina tsaron su. Wata Baturiya ce ke bayani da Turanci mai sauri, yara na hamma. Gidajen nan bakwai suna allo, huɗu a cike, na biyar rabi a karkace, biyu wayam. Na yi mako uku ban bari an goge ba, ban kuma iya kallon wajen ba. Haka yaran suka hau jirgi da gida huɗu da rabi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaure sai na ji sallama. Bashiru ne, riƙe da ƙunshin nama a takarda. Na ce to, yau za a yi ta, ya zo ya faɗa mini abin da na cancanta, kuma da ya yi hakan da na samu sauƙi. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a inda yake zama yana yaro, ya ajiye naman.

"Malam, ka gahwarce ni," ya ce. "Kai kak kawo ni, kai kat tsaya mani gaban Hajiya, ni ko nib ba ka kunya gaban yara. Wallahi bakina na yak kulle. Kak ka yi hushi da ni."

Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Haƙuri ya zo ba ni. Ni kuma, da furfurata, da ilimina, na buɗe baki na ce masa ba komai, Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri. Har addu'a na yi masa, ya shafa.

Bayan wata biyar na kasa daurewa, na faɗa wa Hajiya cewa fom ɗin bai nuna yaron yadda yake ba. Rabin gaskiya ke nan, ban ce mata da gangan na shiga ba. Ta aika masa. Ya yi godiya, ya ce ya samu aikin duba lafiyar shanu a mayanka, kuma ba zai koma inda ya kunyata malaminsa ba. Mutane suna cewa hassada ga mai rabo taki ce, kuma ya samu rufin asiri, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Amma kada ku sanyaya mini rai da wannan. Malami aka haife shi, ni na fitar da shi daga aji, bai sake riƙe alli ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne ana iya zaluntar mutum da zallar gaskiya. Fom yana tambayar abin da ka gani, ba ya tambayar inda ka zauna, ba ya kuma tambayar abin da ke ranka lokacin da ka tura ƙofa. Don haka na sa aka rubuta a ƙa'ida cewa kowa daga taga zai duba aji, kuma babu mai duba wanda ya koyar. Kun sha tambayata dalili, yau kun ji. Ranar da kuka laɓe kuka ji ƙaramin malami ya fi ku, kuka ji abin nan ya tokare muku ƙirji, ku ajiye biron sai gobe.

Shi Bashiru har yau bai sani ba. Duk Juma'a yana aiko da nama, tsoka mai kyau, yara su ci, ni in ce haƙorina ba ya so. Na yi niyyar gobe in je mayanka da ƙafata in faɗa masa. Makon jiya ma na yi wannan niyyar.