Hannun da Ya Shiga Jami'a

Yayana mai gyaran keke ne, kuma tun da na buɗe ido na gan shi, siriri ne. Ba ramar ciwo ba ce, haka Allah ya halicce shi. Yana cin abincin mutum biyu, amma ba wanda ya san inda yake kai shi. Matarsa ta gaji da rantse wa dangi cewa wallahi tana dafa masa, har ta haƙura ta bar su da zarginsu. Unguwa kaf Tsinke ake ce masa, yara su ce Baba Tsinke, shi kuwa ko a jikinsa, sai ma ya amsa yana washe baki.

Bai yi nisa a makaranta ba. Yana ajin ƙarshe na firamare mahaifinmu ya rasu, ya ajiye littafi ya ɗauki sifana. Da wannan sifanar ya rene mu, da ita ya saya min keken ɗinkin da nake takawa har yau. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai na sha kama shi yana kallon littattafan da ɗalibai ke ajiyewa a bencinsa, irin kallon da mai ciwon suga ke yi wa rake.

Rumfarsa tana bakin ƙofar jami'a, shagona na jikinta, katako ɗaya ya raba mu. Tayoyi a rataye, baho cike da ruwa na neman huda, famfo, gwangwanin giris da ya yi baƙi ƙirin, sai jerin ƙararrawar keke da ya kafa a kan katako don masu saye su gwada. Duk abin da aka faɗa a bencin nan yana shiga kunnena, ba don ina son gulma ba, katakon ne ba shi da kauri.

Musun da ɗalibai suka fi yi a wurin shi ne karatun wa ya fi wuya. Mai karatun injiniya ya ce nasu ne, wai lissafinsu ya kai inda babu ko lamba ɗaya a shafi, sai haruffa da ƙugiyoyi, ka cika takarda gaba da baya kana neman amsa, ƙarshe ta fito sifili. Mai karatun lauya ya ce ai wannan wasa ne, su da ake sa su haddace shari'ar mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninsu fa? Wata mai karatun harhaɗa magunguna ta ce su rufe mata baki, sinadarai sun hana ta gane ɗanɗanon shayi. Masu karatun likita ba sa sa baki, domin galibi da sun zauna a bencin barci ke kwashe su.

Yaya yakan ce, "Ni da taya nake gane wahalar karatun mutum. Wanda ya turo min keke iska ta gama fita har ƙarfe na gogar ƙasa, kuma bai lura ba, to wannan likita ne."

Yana wannan raha bai san abin zai shigo masa gida ba. Autarsa ta sami gurbin likitanci. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, mu kuma Auta. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ba don tawa ba ce na faɗa. Shekarar farko ta haye sumul. A ta biyu suka haɗu da darasin sassan jikin ɗan Adam, wanda suke ce wa anatomi, nan fa ido ya raina fata. Ƙasusuwa sama da ɗari biyu, tsokoki ba iyaka, kowace da sunanta cikin harshen da ba na uwar kowa ba, kuma sai ka san inda ta faro, inda ta ƙare, da jijiyar da ke motsa ta. Littafin kaɗai in ya faɗo maka a ƙafa sai an kai ka wurin mai ɗori.

Auta ta faɗi. Dokar sashen kuwa ba ta da sassauci: a ba ka dama ka sake sau ɗaya, in ka kuma faɗuwa ka tattara naka ya naka ka nemi wani karatun. Babban malamin darasin ma Sai Baɗi ɗalibai ke ce masa, saboda abin da yake gaya wa duk wanda ya kayar ke nan, cikin murmushi.

Ranar da ta dawo da labarin ta zauna a tsakar gida tana kuka, uwarta na taya ta, ni kuma ina zagin Sai Baɗi da ban taɓa gani ba. Yaya ne kaɗai ya jawo kujera ya zauna.

"Uwata, ba ki karanta ba ne?"

"Baba, wallahi na karanta. Ƙararrawar ce."

"Wace ƙararrawa kuma?"

Sai ta yi masa bayani. Ana jera tebura a babban ɗaki, kowanne da ƙashi ko wani sashen jiki, an soka ɗan tsinke a wuri ɗaya. Ka duba, ka rubuta sunan wurin, kafin ka gama numfashi an kaɗa ƙararrawa, dole ka matsa tebur na gaba. Ta ce ita da ta ji ƙarar sai kanta ya zama fanko, tana tebur na gaba hankalinta na kan na baya. Daga nan kuma a shiga gaban Sai Baɗi ɗaya bayan ɗaya ya yi tambayar baki, lokacin jiki ya riga ya mutu.

Yaya ya sosa gemu. Ya ce, "Ƙararrawa dai? Irin tawa?"

Washegari ya dawo da ɗaya a aljihu, ya zaɓo wadda ta fi kowace tsiwa. Daga ranar zaman lafiya ya ƙaura daga gidanmu. Auta na cin abinci, ƙirrr, ya ce ta faɗi ƙasusuwan tafin hannu. Ta fito daga wanka, ƙirrr, tsokokin kafaɗa. Ba ya gane ko kalma ɗaya daga amsar, fuskarta yake kallo, in ta yi in-ina ya ce a sake. Ɗakina na kallon nasu, don haka ni ma na sha rabona. Rannan ina yanka yadin mutane ya kaɗa ta a bayana, almakashi ya zarce, hannun riga ya tafi. Na ce masa in ya kuma sai na jefa ƙararrawar a rijiya na bi ta da shi. Ya ce in yi haƙuri, jarrabawa ake yi.

Ana haka wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, Auta ta tsaya tana kallon damtsensa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Baba, tsaya haka. Kada ka motsa."

Ashe ramar da muka shekara muna yi wa dariya taska ce. Babu kitsen da zai ɓoye komai, kuma shekarun murɗa sifana sun fito da kowace tsoka da kowace jijiya sarai. Ta buɗe littafi a gefe, ta duba hoto ta duba hannun ubanta, ta ce wallahi nasa ya fi fitowa. Yaya ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Ke da kitsenki wa zai karanta ki?"

Nan ta nemi abin rubutu ta fara zana masa layuka da sunaye daga kafaɗa har yatsu. Abin da babu wanda ya lura da shi, alƙalamin da ta ɗauka a aljihun rigarsa wanda yake sa wa tayoyi alama ne, ba ya fita da ruwa. An sa sabulu, an sa soso, an sa toka, hannu ya yi ja, rubutu na nan daram. Haka ya fita aiki da safe kamar allon makaranta. Na ba shi shawarar ya sa doguwar riga, ya ce zafi ake yi.

Kafin azahar labari ya zaga sashen likitoci. Waɗanda ba su da keke ma suka zo gyara. Sai ka ga Yaya na lanƙwasa gwiwar hannu, ɗalibai sun kewaye shi suna "Baba, ɗan ƙara matsewa," ga mai keke a gefe yana ta tsaki yana jiran a liƙe masa taya. Daga baya wani ya kawo sifirit, ruwan goge rauni na asibiti, aka goge, amma Yaya ya riga ya ɗanɗana, kullum da yamma shi ke miƙa hannu a sake zanawa.

Ranar da ta fi ba ni dariya ita ce ranar jijiyar da ta ɓata. Auta ta ce akwai wata jijiyar tsoka da ke tasowa a tsakiyar wuyan hannu in ka haɗa babban yatsa da ƙaramin ka ɗan lanƙwasa. Ta gwada a nata, ga ta. Ta gwada a nawa, duk da kitsen da ake min gori, ga ta. Ta gwada a na Yaya, wayam. Ta juya hannun, ta matsa, ta kama ɗayan, babu. Akwai wata a gefe kusa da wurin, har ta ɗora alƙalami za ta zana ta, sai ta fasa ta ce a'a, wannan maƙwabciyarta ce.

Yaya ya yi tsuru-tsuru. "Uwata, ina ta tafi? Ko aiki ne ya cinye ta?"

Matarsa ta ce ita dama ta daɗe tana zargin akwai abin da ya rage a jikin mutumin nan. Auta ta duƙufa a littafi, can ta ɗago tana dariya, ta ce an rubuta wasu mutane haka ake haifarsu ba su da ita, kuma ba ta rage musu komai.

"Wato ina cikin littafin?"

"Kana ciki, Baba."

Shi ke nan, muka shiga uku. Duk wanda ya zo rumfa sai an duba masa wuyan hannu, mai ita a ce masa gama-gari ne. Auta ta zana masa 'yar da'ira a gurbin da babu komai, don tsokana. Sauran zanen duk ya bari aka goge, ban da wannan. Kullum da safe sai in gan shi ya maimaita da'irar da alƙalamin taya. Na tambaye shi dalili, ya ce ba zai wanke ba sai sakamako ya fito. Ban yi masa tsiya ba a wannan karon. Tsoro yake ji fiye da ita, yana ɓoyewa a bayan ƙararrawa.

Ranar jarrabawa bai iya aikin kirki ba. Ya hura taya ɗaya har ta fashe, ya liƙe wata a inda ba ta huje ba. Da la'asar Auta ta fito, ta zube a benci, ta ce zagayen tebura ya yi kyau, wai da aka kaɗa ƙararrawar farko dariya ta kusa kama ta, don ba ta kai tsiwar ta gida ba.

"Sai Baɗi fa?" na tambaya ta saman katako.

Ta ce ya yi mata tambayoyi, wasu ta amsa da kyau, wasu ta sha da ƙyar. A ƙarshe ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙo wuyan hannu, ya ambaci sunan jijiyar nan ya ce ta nuna masa ita. Ashe tarkonsa ke nan na shekara da shekaru. Ɗalibi ya nema ya rasa, tsoro ya hana shi cewa babu, sai ya dangwala maƙwabciyar, shi kuwa ya yi murmushi ya ce sai baɗi. Auta ta sa shi ya haɗa yatsu, ta duba, ta ce ya ba ta ɗayan hannun.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, ba ka da ita. Irin Babana ne kai."

"Ya ce me?"

"Cewa ya yi in gaishe da Baban nawa."

Yaya ya buga cinya. "Ashe ɗan uwa ne! Ke kuma kina ta zagin bawan Allah." Ni yake nufi, kuma na karɓa.

Duk da haka ba mu saki jiki ba, don gaisuwa ba sakamako ba ce. Da'irar nan ta ci gaba da sabunta kowace safiya. Har wata rana da hantsi, Yaya na durƙushe gaban baho yana neman huda, Auta ta fito daga ƙofar jami'a da gudu, mayafi na jan ƙasa. Ta nufi katakon ƙararrawa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kaɗawa, har masu wucewa suka tsaya. Na fito da tsumma a hannu ina guɗa, na manta da mai awon da na bari a tsaye.

Yaya ya miƙe a hankali, ya goge hannu a wando. Sai kawai ya miƙa mata wuyan hannunsa. Ta ɗauko auduga da sifirit ta fara goge da'irar, hawayenta na ɗiga a kai. Ni ma kuka nake yi, na tuna yaron da ya ajiye littafi saboda mu, ga shi yau jami'a ta karanta shi.

"A hankali, Uwata," in ji shi. "Hannun nan ya ci jarrabawa, kada ki goge masa ilimi."