Rigar Aron Malam Lawan

Shekara ashirin da biyu ke nan Malam Lawan yana ɗaukar hoto a bakin titin Gyadi-Gyadi, kusa da ƙofar asibiti. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: kyamara, benci, farin ƙyalle, sai wata shuɗiyar babbar riga da hula da yake ara wa duk wanda ya zo a yamutse. Mutum ne da ya tsani hoto ya tona asirin mai shi. Ko ɗalibi ne ya zo ɗaukar fasfo, sai ya sha faɗa a kan wuyan riga.

Kowace safiya yakan ɗauki hoton gwajin haske a kan Baba Kabo, wani dattijo mai kwana a barandar shagunan wurin, wanda sunan garinsu ya bi shi. Matarsa ya kawo asibiti ta rasu, gonar da ya sayar don jinyarta ta tafi, kunya kuma ta hana shi komawa gida.

Duk Sallah sai ya ce, "Lawan, sa min rigar nan. Kada yara su ga na lalace."

Lawan ya saka masa, ya karya masa hula, ya wanke hoton ya ba direban motar garinsu. Sau tara ana haka. Har alfahari yake yi, wai ya mayar da tsoho Alhaji.

Da daminar bana Baba ya kwanta bai tashi ba. 'Yan unguwa suka yi masa sutura, aka kai shi makabartar Tarauni. Bayan kwana uku wata mata ta iso da ambulan a hannu, ta ce ita ce Sa'adatu, 'yarsa.

"Malam, ina ne gidan Baba? In kwashe kayansa."

Lawan ya nuna mata kwali, buhu da buta a gindin bango.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta zazzage hotunan nan tara a kan benci. "Mun ɗauka aure ya yi ya manta da mu. Har fushi nake da shi. Wallahi da sau ɗaya mun gan shi a haka, ko a ƙafa ne da na zo."

Lawan ya buɗe mata hotunan gwaji, waɗanda bai taɓa ɗauka da daraja ba. Baranda ɗaya, bango ɗaya, mahaifinta yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

"Wanke min na ƙarshen," in ji ta. "Kada ka gyara komai."

Rigar tana nan rataye a ƙusa har yau. Amma duk wanda ya ce a ara masa, sai Lawan ya fara tambayarsa, "Wa za ka aika wa?"