Baba Mai Aure da Lemonsa Bakwai Masu Ɗaci

Kun gani, kuka kau da kai. Shekara nawa kuna wucewa ta gaban gidan renon dashe, kuna ganin tsohon nan a tsugune da 'yar wuƙarsa, ko sannu ba ta taɓa haɗa ku ba?

Kullum da hantsi yakan tsaga gindin ɗan lemo, ya cusa reshen mai zaƙi, ya naɗe da leda. Aure ke nan a bakin masu sana'ar, shi ya sa ake ce masa Baba Mai Aure. Ba ya yarda a dasa sai ya haƙa rami ya sunsuna ƙasar. Leburori na yi masa tsiya: "Baba, yau me ta ce?" Ya ce, "Ta ce ku je ku yi wanka."

Wanda ya ga gonar lemon nan ta cikin kwari a shekarar da ruwa ya kwanta mata wata biyu ba ya wannan dariyar. Bishiya ɗari huɗu suka tsaya cikin ruwa suna yaushi kamar masu jin ƙishirwa. Ganye ya bushe, ya ƙi faɗuwa. 'Ya'ya na rataye, sun yi baƙi ƙirin. Wani jan ƙaro na tsattsafowa daga gindinsu, ko tsuntsu ba ya sauka. Direban tarakta ya rantse mini cewa iska ma kewaye gonar take yi. Aka ce mutanen ɓoye ne.

Baba kaɗai ya shiga, ruwa har gwiwa. Ya zaro saiwa, fatarta ta saɓule a hannunsa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce, "Babu wani aljani. Saiwa ma numfashi take yi. Kun ɗora reshe a kan gindin da bai san ruwa ba."

Bishiya bakwai ne suka tsira, don gindinsu ya jure ruwan. Sai ya yi abin da kowa ya kira hauka: ya sare kawunansu masu zaƙi, don gindin ya tofo ya ba da iri. 'Ya'yansu ɗaci, ko akuya ba ta kula su. Amma duk lemon da ya rayu a ƙasa mai riƙe ruwa a yankin nan, a kan irinsu aka aura shi.

Baba, kai ne mai ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Mu muka sha zaƙin, kai aka bari da gadin ɗaci. Mun gode, Allah Ya saka.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, yanar ido ta fara rufe masa gani. Sabon manaja kuwa ya sa an shafa wa bakwai ɗin nan jan fenti, alamar za a sare su. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, lemon da ba a sha, me za mu yi da shi in ba girki ba?" Da digirinsa fa!

Ranar Litinin mai zarto zai zo. Kai mai gona, ke malamar gona, ku shiga ofishin manajan nan kafin ranar, kada ku fito sai an goge fentin. Sannan ku nemi wuƙa, ku tsuguna kusa da Baba ku koya, tun yana gani.